Shagon Na Waye? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Gyaran Kundin Tsarin Mulki

Zuwa ga masu girma 'yan kwamitin gyaran kundin tsarin mulki na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, Abuja.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina yi muku sannu da aiki. Ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da darasin gwamnati a makarantun sakandare kafin in ajiye alli. Ba lauya ba ne ni, ban kuma taɓa neman ko kujerar kansila ba. Abin da nake taƙama da shi kawai shi ne na karanta kundin 1999 tun daga sashe na 1 har zuwa na 320, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, domin da shi nake cin abinci. To mutumin da ya daɗe yana kwana a ɗaki, ko ba shi ya gina ba, ya san inda yake yoyo.

Wata rana ina fassara wa 'yan aji biyar gabatarwar kundin, wurin da aka buɗe da cewa mu jama'ar Tarayyar Najeriya mun yanke shawara, mun kuma kafa wa kanmu wannan kundi. Sai wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, har da babana a cikin waɗanda suka yanke shawarar?" Ajin ya kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san babanta, yana sayar da gawayi a bakin tasha, na kuma san amsar. Na ce mata ta zauna, za mu dawo kan tambayar. Ba mu dawo ba. Wannan wasiƙa bashin yarinyar nan ne nake ƙoƙarin biya, sai dai a wurinku kuɗin yake.

Ku kun fi ni sanin yadda aka haifi kundin nan. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi a ƙarshen 1998, aka zaga ƙasa a gurguje, majalisar mulkin soja ta duba ta yi nata gyaran, sannan aka fitar da shi a matsayin dokar soja mai lamba 24 ta 1999. Ya fara aiki ran 29 ga Mayu. An yi zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu, wato an zaɓi mutane kafin a ga takardar da za su yi rantsuwa da ita. Uban wannan kundi, na 1979, ya fi shi samun kulawa. Janar Murtala Muhammed ne ya ƙaddamar da kwamitin tsara shi a 1975, mutum 49 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, babu mace ko ɗaya a cikinsu. Bayan haka majalisar tsara kundi ta zauna a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, aka yi muhawara mai zafi, har wakilai Musulmi suka fice a 1978 saboda batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Duk da haka da aka gama, sojoji suka sa hannu suka cusa abin da suke so, ciki har da dokar mallakar filaye ta 1978, wadda har yau tana maƙale a sashe na 315. Idan aka ƙara ja da baya, sunayen Turawan mulki ne a kan kundayen: Clifford a 1922, Richards a 1946, Macpherson a 1951, Lyttleton a 1954. Tun daga haɗewar 1914 zuwa yau ba a taɓa ajiye akwati an ce wa ɗan Najeriya, ga kundi, ka yarda ko ba ka yarda ba. Mutanen Gana sun jefa wa nasu ƙuri'a a 1992. Maƙwabtanmu na Nijar sun jefa wa nasu a 2010.

Ban kawo wannan tarihi don in ce a yaga kundin a zubar ba. Akwai masu faɗin haka, ni ba na cikinsu. Ɗan da aka haifa ba bisa ƙa'ida ba ai ba a jefa shi rijiya, renonsa ake yi. Na kawo shi ne don ku ga cewa tambayar yarinyar nan ba ta wasa ba ce. Ita ce tambayar farko a ilimin tsarin mulki gaba ɗaya: ikon da gwamna yake da shi, da wanda ɗan sanda yake da shi a bakin titi, da wanda ku kanku kuke da shi, daga ina ya fito, na waye kuma?

Hausa tana da wata 'yar matsala a nan, na sha fama da ita a aji. Muna cewa ƙasa, muna nufin turɓayar da ake nomawa, muna kuma nufin Najeriya. Muna cewa gwamnati, kalmar aro, muna nufin mutanen da ke kan kujera yau. Sai kuma hukuma, kalmar da ba a faɗarta da sakin fuska. Idan aka ce hukuma ta zo, mata kan shige ɗaki, samari su bi ta bayan gida. A kunnen talaka hukuma aba ce da ke saukowa daga sama, kamar ƙanƙara a kan dawa, ba a tambayarta dalili. Amma abin da masana ke nufi da ƙasa a matsayin daula daban yake. Jama'a ce zaune a wani yanki mai iyaka, da tsarin iko ɗaya wanda babu wani a samansa, wanda kuma ba ya mutuwa idan mai riƙe da shi ya mutu. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kan mulki a watan Mayun 2010, Najeriya ba ta rasu ba. Gwamnati baƙuwa ce, shekara huɗu ko takwas ta tattara kayanta. Ƙasa ita ce gidan.

Ga yadda nake kwatanta wa ɗalibai. Mutum ne yake da shago a kasuwa, harkoki suka yi masa yawa, ya ɗauki yaro ya damƙa masa makulli. Suka zauna a gaban shaidu aka yi sharaɗi: ga abin da za ka sayar, ga abin da ba za ka taɓa ba, ga ranar lissafi, ga kuma wanda zai raba mu idan muka saɓa. Wannan sharaɗin shi ne kundin tsarin mulki. Mai shago jama'a ce, yaron shago kuwa gwamnati. Ba ni na ƙirƙiro ba. Sashe na 14, ƙaramin sashe na 2, ya faɗa ƙarara cewa ikon ƙoli na jama'ar Najeriya ne, daga gare su gwamnati take samun duk wani iko nata, sannan tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 1 kuma ya ce kundin yana saman kowa da kowace hukuma, duk dokar da ta ci karo da shi ta zama banza. Idan da a nan aka tsaya, da ba ni da ta cewa.

Kada wani ya ce wannan tunani na Nasara ne aka kawo mana a jirgin ruwa. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, don masu mulki su san iyakarsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa laifuffukan sarakunan zamaninsa, har da ɗora wa talakawa haraji irin su jangali ba bisa Shari'a ba, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Duk a kan abu ɗaya suke: mulki amana ne, akwai doka a saman sarki. Abin da kundin zamani ya zo da shi sabo shi ne hanya. Nasiha tana aiki ga sarkin da ke tsoron Allah. Wanda ba ya tsoro fa? Shi ake yi wa igiya. Kundin tsarin mulki igiya ce, amfaninta kuma yana ga wanda ke riƙe da bakinta.

To a nan ne kukana yake, ranku ya daɗe. Kundinmu ya ce shagon na jama'a ne, sannan ya bi ƙofofin da mai shago zai shiga ya duba kayansa, ya garƙame su ɗaya bayan ɗaya.

Ku buɗe Babi na Biyu, daga sashe na 13 zuwa na 24. Babu abin da talaka yake roƙon Allah a kansa da asuba wanda ba a rubuta a ciki ba. Sashe na 16 ya yi maganar matsuguni da abinci da albashin da zai riƙe mutum da kulawa da tsofaffi da fansho. Na 17 ya yi maganar asibiti da kare yara daga wulaƙanci. Na 18 ya ce gwamnati za ta ba da ilimin firamare kyauta kuma dole, da na sakandare kyauta, har da na jami'a, sai dai ya rataya masa sharaɗin "idan hali ya yi". Sashe na 14 da na ambata, mai maganar tsaro, shi ma a wannan babin yake. Sashe na 13 ya ɗora wa kowace hukuma nauyin bin waɗannan abubuwa. Mai karatu zai ji daɗi, ya ce lallai an tuna da mu. Sai ya koma baya kaɗan, sashe na 6, ƙaramin sashe na 6, sakin layi na (c). A nan aka rubuta cewa ikon kotu bai kai ga tambayar ko wata hukuma ta cika abin da ke Babi na Biyu ko ba ta cika ba. Layi uku ko huɗu ne kacal, amma sun shanye babi sukutum.

Mu koma shago. Yaro ne ya rubuta takardar sharaɗi da hannunsa, ya cika ta da alkawura: zan kula da kaya, ba zan ci uwar kuɗi ba, zan riƙa kai wa iyalinka cefane. Can a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ya ƙara da cewa idan ban yi ba, babu alƙalin da zai saurare ka. Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari zai sa hannu a irin wannan takarda? Ko haƙƙin samun abinci da kuka ƙara a gyaran 2023, cikin wannan babin kuka ajiye shi, wato an ƙara hatsi a rumbun da aka riga aka jefar da makullinsa.

Na fi jin ciwon abin ta fuskar tsaro. Wani masani Bajamushe, Max Weber, ya bayyana daula da cewa ita ce kaɗai ke da halaccin amfani da ƙarfi a cikin iyakokinta. Ma'anar a wurin manomi mai sauƙi ce: na ajiye kwari da bakana, na yarda ba zan ɗauki fansa da hannuna ba, na biya haraji, kai kuma ka tsare ni. Wannan shi ne cinikin farko, duk sauran a kansa aka ɗora su. Yau a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai ƙauyukan da sai sun tara kuɗi sun kai wa 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu, su sake tarawa kafin su girbe. Akwai inda ɗan bindiga ne ke raba gardamar aure da ta bashi. Duk wanda ke karɓar haraji, yake yanke hukunci, yake riƙe da makami, to a wannan wurin shi ne hukuma, ko me taswira ta nuna. Sashe na 2 ya ce Najeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. A takarda haka ne. Mutumin da aka kora daga garinsu, yana kwana a kangon makaranta da 'ya'yansa, idan ya je kotu ya ce ƙasa ta karya alkawarin sashe na 14, lauyan gwamnati ba ya buƙatar dogon bayani. Sashe na 6 zai nuna wa alƙali, a rufe fayil.

Na san amsar da za ku ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za ku ce aljihun gwamnati yana da iyaka, alƙali ba shi ne ke tsara kasafin kuɗi ba, idan aka buɗe wannan ƙofa kotuna za su cika da ƙararrakin da ba mai iya biya. Na yarda da rabin maganar. Amma wasu sun bi hanyar, ba su kuma rushe ba. Indiya, inda aka fi sanin wannan tsari na manufofin da kotu ba ta taɓawa, ta yi gyara a 2002 ta ɗauko ilimin yara daga shekara 6 zuwa 14 ta mai da shi haƙƙin da ake iya nema a gaban alƙali. Kundin Afirka ta Kudu na 1996 ya sa matsuguni da lafiya da ruwa a cikin haƙƙoƙi, ya ce gwamnati ta ɗauki matakai na hankali gwargwadon abin da ke hannunta. Kotunsu ba ta ce a gina wa kowa gida gobe ba. Abin da take tambaya shi ne, ina shirinku, me ya sa kuka bar waɗanda suka fi kowa shiga uku a waje? A 2002 ta tilasta wa gwamnati ta ba mata masu juna biyu maganin da ke hana jariri ɗaukar cutar ƙanjamau. Kenya ma ta bi sahu a kundinta na 2010. Ban ce ku buɗe rumbun duka rana ɗaya ba. Ku fara da biyu: karatun yaro har ƙaramar sakandare, da asibitin matakin farko. Ku ɗauke su daga Babi na Biyu ku kai Babi na Huɗu, babin haƙƙoƙin ɗan ƙasa da ake iya nema a kotu. A bar gwamna ya zo gaban alƙali ya yi bayanin yadda aka sami kuɗin gadar sama da na jerin gwanon motoci, aka rasa na rufin aji.

Dalilin da ya sa na nace a kan Babi na Huɗu shi ne na ga yana aiki, a inda aka bar ƙofarsa buɗe. Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. A watan Janairun 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauke shi suka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Aka kai ƙara babbar kotu a Maiduguri. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, korarsa haramun ce, a biya shi diyya. Mutum ɗaya ya ja da gwamnatin tarayya ya kayar da ita, ba da sanda ba, da sashen kundi. Na kan ba ɗalibai wannan labari in ga idanunsu sun buɗe. Haka a watan Mayun 2006, lokacin da Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne yunƙurin tazarcen Shugaba Obasanjo. Ranar igiyar ta riƙe.

Amma ko Babi na Huɗun, mutum nawa suka san abin da ke ciki? Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, kwana biyu. Ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. An taɓa kama ɗan maƙwabcina a wani samame, ya yi kwana goma sha ɗaya a tsare ba a kai shi gaban kowa ba. Uban ya sayar da tunkiya biyu ya kai abin da aka nema. Da yaron ya fito, har walima aka yi, aka kuma aika da godiya ga wanda ya karɓi kuɗin. Da na ce masa ai su ya kamata su ba ka haƙuri, sai ya dube ni kamar na zautu, ya ce, "Malam, a rufa mana asiri, wa ke ja da hukuma?"

Ba laifinsa ba ne. Takardar da ta ba shi wannan haƙƙi da Turanci take, Turancin ma na lauyoyi, wanda mai digiri kan karanta jimla ɗaya sau uku. Duk tsawon shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun kwafin Hausa a ɗakin karatun makarantarmu ba, da bakina nake fassarawa. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Ƙasa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan magana tana nan tun kundin 1979. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu ya yi furfura, tanadi bai kammala ba. Afirka ta Kudu da ta gama nata kundin, sai ta buga shi cikin harsunanta na hukuma 11 ta raba wa jama'a. Mu da muke da rediyo a kowane shago da kowace rumfar mai shayi, me zai hana a riƙa karanta sashe ɗaya kowace safiya da Hausa da Fulfulde da Kanuri da Tibi da sauransu? Wani lokaci zuciya kan raya mini cewa yaron shago bai ƙi mai shago ya zauna a jahilci ba. Allah ya sa zato ne kawai.

Sauran ƙofofin ba sai na daɗe a kansu ba. Kiranye yana sashe na 69, amma sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, a ƙasar da sau da yawa ko rabin masu rajista ba sa fitowa babban zaɓe. Shi ya sa har yau ba a taɓa dawo da ɗan Majalisar Ƙasa gida ta wannan hanya ba. Sashe na 308 ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu muddin suna kan kujera. Sashe na 7 ya ba da tabbacin zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi, sai na 162 ya zuba kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa da jiha, aka ba kura ajiyar nama. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Hukunci ne mai kyau, amma muddin kalmomin sashe na 162 suna nan yadda suke, kuma hukumar zaɓen jiha tana aljihun gwamna, jam'iyyarsa tana cinye kujeru duka ba a bar ko ɗaya ba, to an sayar da biri ne an sayi kare.

Muna koya wa yara cewa iko kashi uku ne, masu yin doka da masu zartarwa da masu shari'a, sassa na 4 da 5 da 6. Ni da murhu nake kwatanta musu: duwatsu uku, kowane yana tsaye da ƙafarsa, shi ya sa tukunya take zama. A jihohi da yawa dutse ɗaya ne ya rage, sauran biyun sun zama tsakuwa a gindinsa. Majalisar jiha takan amince da kasafin shekara guda cikin 'yan kwanaki ba tare da ko tari ba. Kuma waɗannan majalisu su ne sashe na 9 ya ba wuƙa da nama a kan aikin da kuke yi yanzu: bayan kashi biyu cikin uku na kowane zaure naku, sai majalisun jihohi 24 sun amince. Ma'ana duk gyaran da zai rage wa gwamna iko, sai gwamna ya yarda. Jama'a kuwa, masu shagon, babu inda sashe na 9 ya ambace su. Za ku gayyace su jin ra'ayi a babban otal, su yi magana minti uku uku, a tafa, a watse.

Don haka nake roƙon ku sa ƙuri'ar raba gardama a cikin sashe na 9, aƙalla ga manyan gyare-gyare irin na wa'adin mulki da haƙƙoƙin ɗan ƙasa da rabon iko tsakanin tarayya da jihohi. Ban ce maganin komai ba ce. Mun ga yadda Shugaba Tandja Mamadou ya yi da ita a Nijar a 2009: ya rushe majalisa, ya rushe kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya shirya ƙuri'ar a watan Agusta don ya zarce, sojoji suka kifar da shi a watan Fabrairun 2010. Wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka mai ita. Shi ya sa za a ɗora ta a kan matakan da ake da su, ta zama ƙofa ta ƙarshe bayan majalisu sun gama, ba hanyar tsallake su ba.

Na ga yawancin takardun da ake kawo muku na neman sababbin jihohi ne. Kowane yanki yana son nasa gidan gwamnati da nasa jerin kwamishinoni. Ba na zargin masu nema, da yawansu wariya ce ta ishe su. Amma daga jihohi 12 a 1967 mun kai 36 a 1996, talakan da yake tsoron hukuma a tsohuwar jiha bai daina tsoronta a sabuwa ba, hedikwatar ce kawai ta matso kusa. Haka batun 'yan sandan jihohi da ake ta ja a kan sashe na 214, wanda ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar. Ina ganin buƙatar, domin wanda ya san daji shi ke iya tsaron daji. Sai dai kafin ku miƙa wa gwamna bindiga, ku fara nuna mini igiyar da za ta riƙe hannunsa, don waɗanda suka ga zamanin 'yan doka na En'e, da yadda aka yi da 'yan NEPU, ba su manta ba. Masu jin tsoron duk wata maganar gyara kuma, musamman a nan Arewa, su kwantar da hankali: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wani sashe da nake so ku sake dubawa da idon basira, na 1, ƙaramin sashe na 2, wanda ya haramta wa kowa karɓar mulki ta hanyar da kundi bai tanada ba. Wannan magana tana cikin kundin 1979 ma. Ba ta hana juyin mulkin da sojoji suka yi ran 31 ga Disambar 1983 ba, kuma da gari ya waye mutane da yawa murna suka yi. A Yamai ma, bayan 26 ga Yulin 2023, dubban mutane sun fito titi suna yi wa sojojin da suka jingine kundi kirari, alhali kundin nan an jefa masa ƙuri'a. Wato ko ƙuri'ar ba ta isa ba idan mutum bai taɓa ganin ranar da takardar ta tsaya masa ba. Ba wanda zai tari bakin bindiga saboda littafin da bai taɓa karantawa ba, bai kuma taɓa cin moriyarsa ba. Idan kuna son kujerunku su tsira daga masu kaki, hanyar ita ce mai gawayi ya ji a jikinsa cewa idan aka taɓa kundin nan, shi aka taɓa.

Yarinyar da ta yi mini tambaya yanzu matar aure ce, tana da 'ya'ya huɗu, biyu suna firamaren da ake zama a ƙasa. Na kan haɗu da ita a hanyar kasuwa, ta durƙusa ta gaishe ni. Ba ta sake tayar da maganar ba, wataƙila ma ta manta. Ni ban manta ba. Ku taɓa sashe na 6, ku buɗe sashe na 9, ku sa a fassara kundin a kai shi makarantu da gidajen rediyo, ni kuma in sami bakin tsayar da ita in ba ta amsa.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga jihar Katsina.